Zif a Baya

Wanda ya rufa maka asiri har asirin ya kusa kai ka kabari, taimakonka ya yi ko cutarka? Tun ranar Talata nake juya tambayar nan a kan keken ɗinki. Na tambayi kaina ina yanka, na tambayi kaina ina guga, har na ƙone hannun rigar wata baiwar Allah, amsa dai ba ta zo ba. In akwai mai ita a cikinku ya ajiye min, don ni kaina ya ɗaure.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: ni ce auta a gidanmu, mu biyu Mama ta haifa, daga Yaya sai ni. Ina da ɗan shagon ɗinki a bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai wanki da guga. Keke biyu ne a ciki, da benci, da madubi mai tsaga a gefe, sai labule da nake ja in mace za ta gwada kaya. Yaya shekararta huɗu da aure. Mijinta kowa Injiniya yake ce masa, don gyaran janareta da injin ruwa yake yi. Mutum ne mai sanyin murya, in zai gaida Baba sai gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Ƙaninsa kuwa, wanda ake kira Dogo, shi ne mai nemana, saura wata biyu a ɗaura mana aure. Ku riƙe wannan da kyau, da shi aka ɗaure min baki.

Shekara ɗaya da rabi da ta wuce Injiniya ya shigo shagona da yadi kala uku a leda.

"Auta, ɗinki na kawo wa yayarki. Amma ni zan zaɓi salon."

"To, angon da ba ya tsufa. Ina jin ka."

Ya ɗora yatsa a ƙarƙashin haɓarsa. "Wuyan ya kawo nan. A tsaye nake son sa, ki sa masa abin da zai ƙame. Kada ki sa maɓalli a gaba."

"To ta ina za ta shiga? Ta taga?"

Ya yi dariya. "Zif a baya, daga ƙugu har ƙeya."

"Hannunta fa ba zai kai ba."

"Ni aikin me nake yi? Ni zan zuge mata, ni zan buɗe mata."

Wallahi a ranar sai da na ce a raina, Allah Ka ba ni miji irin wannan. Na zage na yi ɗinkin da ban taɓa yin irinsa ba. Wuyan inci uku cif, na bi bakinsa da zare mai ƙyalli. Yaya ta sa ɗaya ta zo gida, mata suka gani, aka fara yi min layi: "Irin wuyan yayarki nake so." Na ɗinka wa mutane ya fi talatin. Na Yaya kaɗai guda tara ne, duk Injiniya ne ya kawo yadin, duk shi ya zo ya karɓa. In na ce ta zo in sake auna ta, sai ya ce, "Tsohon awon yana nan ai, ba ta canza ba."

Akwai abubuwan da na gani ban gani ba. Yaya ta bar koyarwar da take yi a makarantar yara, aka ce Injiniya ba ya son ta wahala. Ƙawayenta suka daina zuwa, aka ce sun yi mata hassada. Saƙonninta ma suka canza. Yayar da na sani in za ta rubuto min sai ta ce, "Autata ta kaina, kina nan kina cin kuɗin mutane kina ɓata musu yadi?" Sai kawai na fara samun "Lafiya lau. Ina aiki." Na ɗauka aure ne ya sa mata nutsuwa. Ban taɓa kawowa a raina cewa ba ita take rubutawa ba.

Ranar Talata da hantsi ina cikin zana hannun riga da alli, sai na ga mutum a tsaye a bakin ƙofa. Ba jaka, ba waya, silifas ɗin ƙafarta ma na banɗaki ne. Tana sanye da koriyar rigar, ta bakwai a cikin taran.

"Auta," ta ce. Muryar kamar ana jan buhu a kan siminti. "Ja labule ki buɗe min zif. Numfashi nake so in yi."

Na ja labule, na buɗe.

Ba zan tsawaita muku ba. Shatin yatsu huɗu a gefe ɗaya, babban yatsa a ɗaya gefen. Sababbi baƙaƙe, a ƙarƙashinsu tsofaffi da suka fara dushewa. Ni tela ce, idona ya saba awo ko ba tef. Tabon ya tsaya daidai inda wuyan rigata ya tsaya, bai wuce da ko rabin inci ba. Ashe shi ya riga ni aunawa. Ni dai aka ba ni na ɗinka marufi, har da zare mai ƙyalli.

Na zube a kan benci. Yaya ce ma take lallashina.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin riga ta farko."

"A kan me?"

"A kan na daɗe a wanka. A kan mai gyaran famfo ya gaishe ni na amsa. Jiya kuwa ban san a kan me ba, na farka dai na gan ni a ƙasan kicin." Ta haɗiyi yawu da ƙyar. "Kin tuna kyanwata?"

"Wadda ta ɓata?"

"Ba ɓata ta yi ba. Cewa ya yi na fi kula ta a kansa. Sati guda yana fushi, sai wata safiya ya tashi da fara'a, ya je ya sayo mata kifi, ya zauna yana shafa ta tana ci. Na ce alhamdu lillahi ya huce. Da yamma a gabana ya murɗe mata wuya. Auta, ni faɗansa ba ya ba ni tsoro. Ranar da ya yi sanyi nake tsoro."

Na miƙe na ɗauki mayafi. "Tashi mu je Baba ya gani."

Ta riƙe min hannu da ƙarfin da ban san tana da shi ba. "Rantse ba za ki faɗa wa kowa ba."

"Yaya!"

"Ya ce ranar da wani ya ji, zai gama da ni ya gama da kansa. Ga Baba da hawan jini. Ga aurenki saura wata biyu, kina ganin danginsu za su karɓe ki bayan kin tona wa ɗansu asiri? Rantse, ko in juya in koma yanzu."

Ta juya ɗin kuwa, bayanta a buɗe, ta kama labule. Na rantse. Sannan na zuge mata zif da hannuna, muka tafi gida.

A gida cewa ta yi sun ɗan samu saɓani. Mama ta ji muryarta ta ce mura ce, ta dafa ruwan zafi ta zuba zuma da lemun tsami. Baba ya ajiye rediyonsa, ya sauko da tabarau kan hanci. Shi Uwata yake kiran Yaya, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata.

"Uwata, ya hana ki abinci?"

"A'a, Baba."

"Ya zage ni ko ya zagi uwarki?"

"A'a."

"Ya dake ki?"

Na zuba mata ido. Ta sunkuyar da kai iyakar inda wuyan rigar ya bar ta.

"A'a, Baba."

"To ki huta kwana uku, ranar Juma'a ya zo ya ɗauke ki. Yaron nan tun da ya shigo gidan nan ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ni ba na raba aure."

Na kasa haƙuri. "Baba, in ya zo ka ce masa ya dakata tukuna. Ko ƙofa ce a rufe."

Ya kalle ni ta saman tabarau. "Ni in sa wa surukina sakata? Ba a yi ba, ba kuma za a fara a kaina ba. Ke da ba ki shiga ba har kin fara koya wa mutane yadda ake fita?"

Mama ta ja ni kicin ta murɗe min kunne kamar 'yar shekara bakwai. "Ki iya bakinki. Gidan da za ki shiga ke nan. Kina so a ce 'ya'yana ba sa zaman aure?"

Abin da ya fi ci min rai shi ne safiya. Yaya ba ta fita daga ɗaki sai da rigar nan, ko da na ba ta nawa ta ƙi, don duk wuyansu a buɗe yake. Ta wanke ta da yamma, ta kwana da mayafi a naɗe, da safe ta sa ta juyo min baya. Ni nake zugewa. Aikin Injiniya na gada, ba tare da kowa ya tambaye ni ba. Kullum sai na tsaya a tsakiyar bayanta na ce, "Yaya, bari in bar shi haka mu fita falo." Kullum sai ta ce, "Kin rantse. Ja."

Injiniya kuwa kullum bayan azahar babur ɗinsa yana tsallaken titi, a gindin turken lantarki. Ba ya shigowa, ba ya sallama, zama kawai yake yi yana kallon ƙofarmu. Mama ta leƙa ta taga ta ce, "Allah sarki, bawan Allah, ya kasa zama babu ita."

Ranar Alhamis wata mai kawo min ɗinki ta zo karɓar kaya. Nas ce a wani asibiti, mace mai ƙiba da faɗar gaskiya ba kwana-kwana. Ina naɗe mata kaya ina lissafin iyakar rantsuwata. Na ce ba zan faɗa wa kowa ba. To in ban ambaci suna ba, na faɗa ko ban faɗa ba? Har yanzu ban sani ba. Na dai buɗe baki.

"Anti Nas, wata mai kawo min ɗinki ce mijinta yake shaƙe ta."

Ta ajiye jakarta. "Muryarta ta dishe?"

"Ta dishe."

"Ta taɓa suma?"

"Ta ce ta farka a ƙasa."

"To ki saurare ni, 'yar nan. Mari daban, shaƙa daban. Duk mugunta ce, amma wanda ya kai hannu wuya har numfashi ya ɗauke, ya riga ya gwada ya ga zai iya. Tana gidansa?"

"Ta koma gidansu. Gobe za a mayar da ita."

"Innalillahi. Irin waɗannan na sha karɓar su, kuma ba a ranar faɗa ake kawo mana su ba. Sai sun bar gida, ko an lallaba an mayar da su. Ki kawo min ita a duba maƙogwaron, a rubuta, a ɗauki hoto. Kada ta shiga motarsa, kada ta keɓe da shi ko na minti ɗaya." Ta kalli rigunan da na rataya a bango, masu tsayayyen wuya, ta kalle ni. Ta rubuta min lambarta a bayan kwalin zare.

Na kai wa Yaya maganar. Ta ce, "Wa kika faɗa wa?" Muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba, da raɗa, don kada Mama ta ji.

Juma'a da safe saƙon Dogo ya shigo.

"Gimbiyata, albishir. Injiniya ya sauko gaba ɗaya. Jiya har aski ya yi, yana ta ba mu dariya."

"Me ya ce?"

"Ya ce ya gane kuskurensa. Kin san akwatin kayan aikinsa da ba ya bari ko kallo a yi? Ya ba ni kyauta. Ya mayar wa mai shagon da yake haya mukulli. Ya ce sabuwar rayuwa zai fara, bayan yau kowa zai huta."

Na rubuta masa: "Da me zai yi aiki in ya ba ka kayan?"

"Ya ce ba zai ƙara buƙatar su ba. Ya ari mota, zai kai Yaya wani wuri su huta su biyu, ba waya ba hayaniya. Ki koyi yadda ake soyayya."

"Wane wuri?"

"Bai faɗa ba."

"Dogo, don Allah ka bi shi, ka karɓe mukullin motar nan. Kada ka bari ya zo."

"Ni ba na shiga tsakanin miji da mata, balle yayana. Ke dai kin cika zargi."

Na ajiye wayar na riƙe kai. Ba a jima ba ta sake haske.

"Minti goma ina jira ba ki amsa ba. Da wa kike magana?"

Sau nawa Dogo ya taɓa rubuto min haka ina murmushi, ina cewa kishi ne na so? Yau na karanta sai na ji wuyana ya yi min nauyi. Ban ce shi ma haka yake ba, Allah Ya gani ban sani ba. Amma ban amsa ba.

Na rufe shago tun kafin azahar na dawo gida. Na samu Baba a falo na durƙusa, na karanta masa saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Wannan ai ba ya cikin rantsuwa.

"To sai me?" in ji Baba. "Mutum ya yi wa ƙaninsa kyauta, ya zama laifi?"

"Baba, mai gyara ne fa ya rabar da kayan gyaransa. Ni in ka ga na ba da kekena da almakashina na ce ba zan ƙara buƙata ba, me za ka ce?"

"Sai in ce kin yi hankali za ki zauna a ɗakin mijinki."

Mama ta yi dariya daga ƙofar kicin. Ni kuwa ji na yi kamar in kwarma ihu. Ga magana a bakina, kalma huɗu kacal, ku dubi wuyan Yaya, amma na sa Allah a tsakani. Na shiga ɗaki na tarar da ita ta ninke mayafin da na ara mata, tana zaune a bakin gado da koriyar rigar, zuge har ƙeya. Ni na zuge da safe.

"Yaya, na roƙe ki da girman Allah. Ki sake ni daga rantsuwar nan, ko ki bari in buɗe."

"A'a."

"Zan karya ta, in yi kaffara."

"In kika karya, zan ce ƙarya kike yi, kuma ba zan bari kowa ya taɓa min riga ba. Ya ce ya tuba, Auta. Wataƙila ya tuban. Shekara huɗu ba kwana huɗu ba ne."

"Ke kika ce min ranar da ya yi sanyi kike tsoro."

Ta kau da kai ta kalli bango.

Bayan la'asar aka yi hon a waje. Baba ya sa hula ya fita, muna jin muryar Injiniya a hankali yana jero gaisuwa. Baba ya dawo fuskarsa a sake, da leda a hannu.

"Uwata, fito. Ya ce ba zai shigo ba, hanya da nisa, ko motar bai kashe ba. Ga wannan ya ce a ba ki."

Muka fito falo. Mama ta karɓe ledar ta zazzage a kan kujera. Riga ce sabuwa dal ta kanti, ruwan hoda, launin da Yaya take so tun muna yara, wuyanta a buɗe har kafaɗa. Da turaren da ya hana ta shafawa. Da wayarta, wadda ta yi shekara a aljihunsa.

"Kin gani ko?" Mama ta ɗaga rigar tana juyawa. "Har wayarki ya dawo miki da ita. Duk abin da kike so ya haɗo miki. Auta, sai ki ji kunya."

Yaya ba ta taɓa ko ɗaya ba. Ta tsaya tana kallon kayan, ta daɗe, har Baba ya ce, "Mutum yana jira fa." Na ga leɓenta yana motsi. Da dishasshiyar muryar nan ta ce:

"Kifi ya sayo mata."

"Wane kifi?" in ji Mama. "Yarinyar nan zazzaɓi ne yake damun ta?"

Aka sake yin hon, sau biyu.

Yaya ta tako har tsakiyar falo, gaban Baba, inda hasken taga yake sauka. Ta juyo min baya, ta ɗaga gefen ɗankwalinta daga ƙeya.

"Auta," ta ce, "buɗe min."

Na kama kan zif ɗin. Zif mai kyau na sa mata, bai taɓa cijewa ba, ya sauka tun daga ƙeya har ƙugu a ja ɗaya. Ta sa hannu biyu ta janye wuyan rigar, ta ɗaga haɓa.

Rigar kanti ta suɓuce daga hannun Mama. Baba ya gyara tabarau ya matso, ya duba gefe ɗaya, ya zagaya ya duba ɗaya gefen. Ya ɗaga hannunsa ya buɗe yatsu kusa da tabon, bai taɓa ba, kamar mai son ya tabbatar hannun mutum ne. Ya juya ya nufi ƙofar gida, takalmi ɗaya a ƙafarsa, ɗaya ya bar shi a falo.

Sai muka ji ƙarar sakata, ta sama, sannan ta ƙasa.

A waje kuma, aka kashe mota.